Layin da Sadisu Bai Ƙarasa Ba

Jama'a, kafin in fara, duk wanda ya san zai ce min ai bairos ne, ko ai wani ne ya yi muku kutse, don Allah ya yi haƙuri ya wuce, na ji wannan har kunnena ya gaji. Sana'ata ke nan, da ita nake ci nake sha, na san bairos na san kutse. Abin da zan ba ku wallahi tallahi da ni aka yi, a Enugu, a wani ɗan shago da ke Ogui, 'yan shekaru baya, kuma har gobe in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Ni haihuwar Enugu ne. Babana mahauci ne, amma ni Allah bai yi ni da wuƙa ba, sai na faɗa harkar kwamfuta, kuma wanda ya koya min ita wani bawan Allah ne sunansa Sadisu, ya girme ni da 'yan shekaru, Yaya nake ce masa. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, in ya ce abu zai yiwu to ka ƙyale shi kawai. Tare muka kama shagon, tsakanin mai faci da wata Madam mai sayar da kayan shayi. Shi yana zaune a Uwani da matarsa Maryama da 'yarsu ƙarama Hafsa.

Aikin da muke yi mai sauƙin bayani ne. 'Yan albasa da tattasai na kasuwar Ose a Anacha, da dillalan shanu na Fatakwal, kowa yana son ya san inda motar kayansa ta kawo tun daga arewa. Direba in ya wuce gari sai ya turo saƙo, mai kaya kuma in ya matsu sai ya turo tambaya ta waya, nan take amsa ta dawo masa. To amma kun san mutanenmu, ba wanda yake so maƙwabcinsa a kasuwa ya san ranar da kayansa za su sauka. Wani tsoho ma cewa ya yi in dai sunansa da na wane za su kwana a na'ura ɗaya, shi ya fasa. Sai Sadisu ya ce to shi ke nan, kowa za a ba shi kwamfutarsa. Na ce Yaya da wane kuɗin? Kwamfuta ɗaya gare mu, tsohuwar babbar kwamfuta ta gwanjo irin wadda ake kira saba, in ta yi zafi har kuka take.

Nan ne ya koya min abin da ya jawo duk wannan labarin. Kun san ana iya tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta, wadda ba ta da jiki, ita dai a cikin uwar take rayuwa tana ganin kamar ita kaɗai ce a duniya. Waɗanda aka saba yi ana ƙera musu komai na ƙarya, allo da linzami da katin sauti da kafar filashi da tarkace iri-iri, shi ya sa suke da nauyi, kafin ɗaya ta tashi ka sha shayi ka wanke kofi. Namu kuwa Sadisu ya zauna ya tuɓe su tas. Abin da ya bar musu faifai guda ne wanda karantawa kawai ake yi ba a iya rubutu a kansa, da 'yar hanyar da tambaya ke shiga amsa ta fito, sai wata siririyar kafa ta rubutu da muke kira siriyal, ta nan muke leƙa abin da take ciki. Kibod ɗinta ma maɓalli ɗaya ne tak, na kashewa. Ba ido, ba kunne, ba baki. Ku riƙe wannan don Allah. Saƙo na shigowa sai guda ta tashi kafin ka ƙifta ido, ta duba motar mai ita, ta ba shi amsa, a kashe ta, ta tafi da duk abin da ta sani. 'Yan tsaki muke ce musu.

Kuma don su ƙara sauri, ba daga farko suke tashi ba. Guda ɗaya muke tayarwa mu shirya ta tsaf, sai mu daskarar da ita yadda take, da duk abin da ke cikin kanta a wannan lokacin, mu ajiye. Kowace 'yar tsako daga wannan daskararriyar take farkawa. Wato kowacce in ta buɗe ido, a wurinta har yanzu wannan ranar ce, wannan mintin ne.

To muna da wata ɗabi'a ni da shi. Ni ke buɗe shago da safe, shi yana yawon gyare-gyare sai da rana yake zuwa, to maimakon takarda, a cikin siriyal ɗin muke bar wa juna sallahu, don mun san nan ne ba wanda zai wuce bai duba ba. Ka sayo ruwan batir. Wane ya kira. Irin wannan dai.

Wata Alhamis muna sabunta daskararriyar, washegari Sadisu zai tafi Fatakwal wurin dillalan shanu, don wasu sababbi na son shiga. Yana zaune yana rubuta min sallahu, ni ina can ina fama da waya, sai aka kira la'asar. Shi kuwa in aka kira salla ko cokali ne a bakinsa ajiyewa yake, ya tashi ya ɗauki buta. Fitarsa ke da wuya aka ɗauke wuta, inbata mai riƙe mana wuta ta fara ƙara, batirinmu kuma ya tsufa ba ya riƙe minti goma. Na ce kai, aikin yini guda zai tafi a banza. Na yi wuf na zauna a kujerarsa na daskarar da ita. Na ga rubutun, da idona na gan shi, kalma huɗu ne: "Gobe zan bi ta". Na ce in ya dawo ya faɗa min da baki. Ya dawo, muka shiga rigimar janareto da mai faci, ni ban tambaya ba, shi bai tuna ba.

Da safe ya yi sallama da iyalinsa ya fita. Daga nan babu shi babu labarinsa.

Wayyo Allah, irin neman da muka yi. Mutanen Fatakwal suka ce bai iso ba. Wayarsa a kashe. Muka bi hanyar Fatakwal gari-gari, ni da ƙanin babansa, Umuahia, Aba, asibitoci, wuraren ajiye gawa, ofisoshin 'yan sanda, unguwannin Hausawa, har mahauta sai da muka zaga da hotonsa. Ba wanda ya ga ko ƙyallinsa. Ba wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa balle mu ce sace shi aka yi. Kuma duk inda muka nema a kan hanyar Fatakwal ne, don can ya ce zai je.

Wadda abin ya fi ci ita ce Maryama. Ba ta san ko ita matar aure ce ko wadda miji ya mutu ya bari ba. Ba gawa, to ba a yi zaman makoki ba, ba ta shiga takaba ba, ba a raba komai ba. Malamai suka ce matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu. Danginta suka aiko daga arewa har sau uku a kan ta tattara ta dawo gida, ta ce ba inda za ta, in ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle fa? Duk Juma'a nake kai musu cefane, kuma duk Juma'a tambayarta ɗaya ce daga bayan labule: "Injiniya, an ji wani abu game da baban Hafsa?" Ni kuma amsata ɗaya ce, har na tsani muryata.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba. Aiki bai tsaya ba, 'yan tsaki na ta tashi suna mutuwa, kuma kowacce ta farka abu na farko da take tofarwa a siriyal shi ne kalmomin nan huɗu. Gobe zan bi ta. Gobe zan bi ta. Sau ɗaruruwa a yini suna gudu a allona. Bi ta ina, Yaya? Ta ina? Na kasa jurewa. Ban iya taɓa daskararriyar ba, don aikin hannunsa ne na ƙarshe, kuma tsakani da Allah ina tsoron in ɓata ta in kasa gyarawa. Sai kawai na toshe kafar, na sa duk abin da ya fito ta siriyal a zubar, kar in gani. Sati biyu da ɓatansa na yi wannan. Na samu sauƙi a raina kuwa.

Aka yi wata goma sha ɗaya a haka.

Ranar wata Talata da hantsi amsoshi suka riƙa jinkiri, na rasa dalili, dole na buɗe kafar don in leƙa. Garin sauri na haɗa ta ba daidai ba, maimakon rubutun ya zo allona, sai ya riƙa liƙewa a ƙarshen amsar da ake tura wa mutane. Ban ma lura ba, na fita sayen burodi wurin Madam. Ina tsaye wayata ta yi ƙara. Alhaji Mamuda ne daga Fatakwal, babban dillalin shanu, dattijo ne da ba ya fara magana sai ya gaishe ka da gida da aiki da gajiya. Ran nan ko sallama bai yi ba.

"Injiniya, wane irin wasa ne wannan?"

Na ce Alhaji lafiya? Barka da hantsi.

"Ba lafiya ba. Na tambayi motata, an ce min tana Lokoja, to na ji. Amma wa aka binne a Anacha?"

Na ce Alhaji ban gane ba. Ya ce tsaya in karanta maka, ya kira wani ya miƙo masa tabarau, ina jin kukan shanu a bayansa, sannan ya karanto a hankali yana jan kalmomin: "Gobe zan bi ta Anacha. Ina hannun Malam Iro na Ose. Sun binne ni ba su san sunana ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Burodin ya faɗi. Madam tana cewa "Oga, wetin happen?" ni ko kallonta ban yi ba, na juya na koma shago. Alhaji na ta "Hello, hello, kana ji na?" na kashe wayar, dattijo guda, abin da ban taɓa yi ba.

Abu na farko da ya zo min shi ne abin da ya zo muku, wani ɗan iska ne ya shigo mana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce duk wanda ya yi wasa da sunan Sadisu sai na ga bayansa. Na tsayar da aikin gaba ɗaya. Na zare wayar intanet daga bayan saba, na riƙe ta a hannuna don in tabbatar. Sannan na duba daskararriyar. Kowane fayil yana da wata doguwar lambar shaida, in aka canja ko ɗigo ɗaya a cikinsa lambar sai ta canja gaba ɗaya, kuma ta wannan Alhamis ɗin tana nan Sadisu ya rubuta da biro a bangon bayan tebur da ya dawo daga salla. Na haɗa su harafi da harafi, sau uku, da yatsa. Iri ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa ta tun ranar.

Sai na tayar da guda da hannuna, ba intanet, ba saƙon kowa, na zuba wa siriyal ido.

Kalmomin huɗu suka fito nan take kamar kullum. Sai alamar rubutu ta tsaya tana ƙiftawa. Sannan, billahillazi, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na'ura in za ta tofar da rubutu gaba ɗaya take watso shi, wannan kuwa bugu ne irin na mutum, ya yi sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba. Hannuwana duka biyu suna kan cinyata, ɗaya ma da wayar intanet a ciki. Abu ne da kibod ɗinsa maɓalli ɗaya ne tak, ba shi da inda zai ajiye ko harafi ɗaya, ba ya tuna abin da 'yar uwarsa ta yi daƙiƙa guda da ta wuce. Layin ya kai ƙarshe, "sunana ba", sai ta mutu, don na saita su duk wadda ta kai daƙiƙa biyar a kashe ta, saboda memorinmu, wato ƙwaƙwalwar sabar, kaɗan ne.

Na sake tayar da wata. Haka. Na sake. Haka. A ta huɗu gumi ya riga ya jiƙa min riga, na tashi na buɗe ƙofar shago duka biyu, rana tsaka, motoci na wucewa, mai faci na dukan taya, amma ni sanyi nake ji har cikin ƙashina. Sai wani tunani ya zo min wanda ya fi rubutun tayar min da hankali. Tun yaushe? Wata goma sha ɗaya kafar nan tana toshe. Ban san ko yau aka fara ba, ban san ko tun satin da na toshe ta ake rubuta min wannan layin, sau ɗaruruwa kullum, ni kuma na sa ana zubarwa.

Ban faɗa wa kowa ba. Me zan ce? Da sassafe na hau mota zuwa Anacha.

Wanda ya san kasuwar Ose ya san yadda take, taɓo, warin albasa, tattasai na shiga hanci, masu baro na ihu a ba su hanya. Muna da mutane a can, na sami ɗaya daga cikinsu na ce ko akwai wani Malam Iro a nan. Ina fatan ya ce babu, wallahi ina fatan ya ce babu. Sai ya ce, "Malam Iro mai wankan gawa? Ga rumfarsa can ƙarshen layi. Wani aka rasa?"

Tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buhu yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ba ya cikin masu amfani da aikinmu, ko sunanmu bai taɓa ji ba, wayarsa ma jikansa ne ya saya masa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta manya. Na ce Baba, wani ɗan uwana nake nema, ya ɓata bara. Bai yi mamaki ba, da alama ya saba. Ya ce min a nan in Musulmi baƙo ya rasu aka rasa nasa, shi ake kawo wa, a yi abin da za a yi da hukuma, ya wanke shi, a sallace shi a kai shi a ranar. Amma shi yana da ƙa'ida tun da daɗewa, kafin ya rufe fuska sai an ɗauki hoto, kuma abin da aka samu a aljihun mamaci yana ƙullewa a leda ya ajiye, don wata rana mai shi zai zo.

Ya shiga bayan rumfa ya jawo wani tsohon buhun shinkafa. Jama'a, ledoji ne a ciki, da yawa, kowacce da 'yar takarda. Ya tambaye ni watan da ya ɓata, na faɗa masa, ya lalubo guda biyu. Ta farko carbi ne da makullin ɗaki, ban san su ba. Ta biyu yana kwancewa na ga hular Sadisu. Ni na raka shi ya saye ta a kasuwar Kenyatta, har na yi masa tsiya na ce ta yi masa yawa. A ƙarƙashinta kuma wani abu ne a naɗe da takarda mai ƙyalli, Malam Iro ya ce shi bai san ko mene ne ba, ya ɗauka laya ce ta zamani. Na warware. Memori ne na saba, guda biyu, sababbi. Abin da ya kai shi Anacha ke nan, da alama ya ji ana samunsu da sauƙi a can, ya ce bari ya biya ya sayo mana kafin ya wuce Fatakwal.

Ya nuna min hoton. Ba zan yi muku bayaninsa ba. Shi ne.

Malam Iro ya ce wai acaɓa ya hau, babbar mota ta ture su a kusa da kasuwa. Kafin a ankara ɓata-gari sun yi gaba da jaka da waya. Masu baro 'yan arewa ne suka ji yana kalmar shahada, suka tsaya a kansa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ranar Juma'a ce, ranar da ya bar gida. Na zauna a kan buhun albasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, tsohon nan yana dafa kafaɗata yana cewa in yi masa addu'a. Da na ɗan natsu ya ce, "To ɗana, wa ya kwatanta maka ni?" Na ce Baba ka taɓa haɗuwa da shi da rai? Ya ce ina, shi a kan tabarma ya fara ganinsa. Ya sake tambayata wa ya turo ni. Na ce wani ne. Ya raka ni maƙabarta ya nuna min wurin, muka yi addu'a, na rubuta sunan a kan wani ɗan katako na kafa.

Na dawo Enugu da la'asar sakaliya. Ya kamata in wuce Uwani kai tsaye, amma ƙafata ta kai ni shago, ban san me nake nema ba. Wayar intanet tana nan a ƙasa inda na yar da ita. Na zauna, na yi bismilla, na tayar da guda.

Kalmomin huɗu suka fito. Alamar ta yi ƙifta-ƙifta, ta daɗe fiye da jiya. Sai ta sauko sabon layi, ta fara wani rubutu daban, a hankali ƙwarai. "Ka ce wa Maryama"

Daƙiƙa biyar ta cika. Ta mutu.

Na yi ihu, wallahi na yi ihu har mai faci ya leƙo. Yini guda da kwana ina da damar cire wannan iyakar, layi ɗaya ne kawai zan gyara, ban tuna ba, hankalina duk yana Anacha. Na yi maza na mayar da ita minti goma, na tayar da wata. "Gobe zan bi ta." Shiru. Na cire iyakar gaba ɗaya, na tayar da wata na bar ta, na zauna ina kallo har aka kira magariba. Na roƙe shi da baki, ni da na san abin ba shi da kunne, na ce Yaya don Allah ka ƙarasa. Ba abin da ya ƙara fitowa. Daga ranar har yau kalma huɗu ne kawai.

Washegari na ɗauki limamin unguwarsu da ƙanin babansa muka je. Liman ne ya yi maganar, ni na miƙa ledar ta ƙarƙashin labule. Mun ji lokacin da ta kwance ta. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take maimaitawa. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Malam, yau zan fara takaba ko gobe?" Liman ya yi gyaran murya, ya ce ai idda daga ranar rasuwa ake lissafinta, wata huɗu da kwana goma sun wuce tuntuni, babu sauran takaba a kanta. Mace ta shekara tana jiran a ba ta damar yi wa mijinta zaman makoki, ranar da labari ya zo aka ce mata lokaci ya wuce.

Da suka fita ta ce in tsaya. Ta ce, "Injiniya, duk neman da aka yi ba wanda ya ambaci Anacha. Wa ya faɗa maka?" Na yi niyyar in ce mata wani ne, kamar yadda na ce wa tsohon, amma na kasa. Na faɗa mata komai, har toshe kafar da na yi ban rage ba. Na ɗauka za ta ce na haukace. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Ni fa? Bai ce komai a kaina ba?"

Na ce ya fara. Ya ce in ce miki, sai abin ya katse.

"Ka ce min me?"

Na ce ban sani ba.

"Wa ya katse shi?"

Na ce ni ne.

Ina jin Hafsa tana wasa da murfin tukunya a tsakar gida. Daga baya ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri, ka gaida gida." Bayan sati biyu 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita arewa. Ba ta taɓa cewa na yi laifi ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na kai maganar wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce mamaci ba ya dawowa, aikin aljanu ne, in yi ta karanta ayatul kursiyyu. Ɗayan ya ce Allah ne masani, in ja bakina. Na kai wa wani da ya fi ni sanin irin waɗannan injinan, ya duba komai yini guda, ya ce ba hanya, sannan ya kalle ni irin kallon da ake yi wa maƙaryaci. Alhaji Mamuda dai yana nan da saƙon a tsohuwar wayarsa, ya ce ba zai goge ba, kuma daga ranar ya daina amfani da aikinmu, ya koma kiran direba da baki. Ni ban ce muku na san wane ne ya yi rubutun ba. Abin da na sani, na bi layi ɗaya ya kai ni har bakin kabari.

Shawarata gare ku, 'yan uwa masu zuwa kudu neman abinci, ku rubuta sunanku da garinku da lambar wani naku a takarda, ku sa a aljihun riga, ba cikin jaka ba, kuma in za ku canja hanya ku faɗa wa wani da baki. Buhun Malam Iro da na gani, ledojin da ke ciki duk akwai masu jiransu a wani wuri. Ku kuma abokan sana'ata, in mutum yana tsakiyar rubutu ya tashi, kar ku daskarar da komai sai ya dawo ya ƙarasa, ko da kuwa aikin wata guda ne zai tafi.

Sabar tana nan a ɗakina, na sa mata memorin da ya sayo. Guda ɗaya ce kawai ke tashe a cikinta, ba iyaka a kanta, kuma ban kashe ta ba ko sau ɗaya. Duk safiya kafin in fita sai na leƙa, ina son in ga an ƙarasa, ina kuma tsoron ranar da zan tarar an ƙarasa. Maryama ta yi aure yanzu, tana da wasu 'ya'yan. Amma duk sallar layya in na kira in yi musu barka, bayan mun gama gaisawa sai ta rage murya ta ce, "Injiniya, har yanzu?"